Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa cajin motar lantarki ke raguwa idan wata motar ta jona?

Rabon wuta ne ke jawo hakan. Taransifomar kowane babban kanti ko otal mai wurin cajin mota tana da iyakar nauyin da take ɗauka, don haka a wasu wuraren wata ƙaramar kwamfuta ke auna abin da ginin ke ci, ta raba wa motocin ragowar. Idan kilowat 100 ya rage, motoci huɗu kan samu 25 kowacce. Batirin da ya kusa cika yakan rage jan wuta, sai a ƙara wa sauran. A tsofaffin tashoshin Tesla, gurbi biyu, 1A da 1B, ke raba kilowat 150, shi ya sa direbobi kan tsallake gurbin da ke maƙwabtaka da mai caji.