Matsin Aiki a Fagen Fasaha: A Gyara Tsarin Aikin Kafin Ma'aikaci Ya Durƙushe

A idon jama'a, wanda ya samu aikin kwamfuta ya gama morewa. Yana zaune a inuwa, babu ɗaukar kaya, babu yawo a rana, wani ma daga ɗakinsa a Kano ko Kaduna yake yi wa kamfanin Turai aiki, ana biyansa da dala. Shi ya sa idan irin wannan mutum ya ce ya gaji, ko barci ya ƙaurace masa, ko gabansa na faɗuwa da zarar wayarsa ta yi ƙara, amsar da yake samu ba ta wuce "ka gode wa Allah, wasu nema suke yi." Godiya wajibi ce, amma ba ta hana a duba abin da ke cin mutum. Masu rubuta manhaja, da masu tsaron bayanai, da masu kula da na'urorin bankuna da kamfanonin waya, da masu tace abin da ake wallafawa a shafukan sada zumunta, duk suna cikin wani tsari da ke tatse ƙwaƙwalwa ba tare da an ga gumi ba. Matsayata ita ce, mafi yawan wannan damuwa daga tsarin aikin take fitowa, don haka can ya kamata magani ya fara, kafin a zo kan nasihar da ake yi wa ma'aikaci.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wani yanayi da ke samun mutum idan matsin aiki ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma ba shi alamomi uku. Ta farko ita ce gajiyar da hutun ƙarshen mako ba ya wankewa. Ta biyu ita ce aikin ya fita daga ran mutum, ya koma yi masa kallon ƙyama ko halin ko-in-kula, alhali a da yana ɗokinsa. Ta uku ita ce raguwar ƙwazo, abin da yake gamawa cikin sa'a ɗaya ya koma cinye masa yini. Hukumar ba ta sa wannan yanayi cikin jerin cututtuka ba, ta ɗaure shi ne da wurin aiki, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda tushen yake. Sai dai idan aka bar shi yakan buɗe ƙofa ga ciwon damuwa da ciwon fargaba, waɗanda su kam cututtuka ne da ke buƙatar likita. A ƙiyasin hukumar, waɗannan biyun suna jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a duniya kowace shekara.

Tun 1979 masanin zamantakewa Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki kaɗai ba shi ke karya ma'aikaci ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne a ɗora masa nauyi mai yawa, sannan a hana shi ta cewa kan yadda zai sauke shi. Wanda ya san aikin fasaha zai ga hotonsa a nan. Wa'adin kammala manhaja sau da yawa wanda bai taɓa rubuta ta ba ne yake yanka shi, bayan ya riga ya yi wa abokin ciniki alkawari. Na'urorin banki ba sa barci, saboda haka akwai wanda ke zaman ko-ta-kwana, a tashe shi ƙarfe ukun dare, kuma a sa ran ganinsa a ofis da safe. Idan komai na tafiya daidai babu mai tunawa da shi, ranar da tura kuɗi ya tsaya kuwa sunansa ne a bakin kowa. Ga kuma fargabar sallama: Meta ta rage ma'aikata 11,000 a watan Nuwamban 2022, Google ta rage 12,000 a Janairun 2023, Microsoft 10,000 a wannan watan na Janairu. Yanzu kuma an ƙara da zullumin ko ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace gurbin mutum. Namu na gida suna da ƙarin kaya: wanda ke yi wa kamfanin Kalifoniya aiki daga Kano, ƙarfe taran safensu biyar ko shidan yammarsa ce, sai ya kai ɗaya ko biyun dare yana aiki, ga ɗaukewar wuta, ga dangin da suka ji an ce dala ake biyansa.

Masu kare dogon aiki sukan ce haka sana'ar ta gada, kuma da haka manyan kamfanoni suka kai inda suka kai. An gwada wannan ra'ayi a fili a ƙasar Sin, inda kamfanonin fasaha suka ɗauki tsarin aiki daga taran safe zuwa taran dare, kwana shida a mako, wato sa'o'i 72. A 2019 masu rubuta manhaja suka yi masa bore a shafin GitHub, a watan Agustan 2021 kuma kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka. A wannan shekarar ta 2021 ce Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da binciken da ya nuna cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin sa'o'i 35 zuwa 40. Sun danganta mutuwar mutum 745,000 a 2016 da dogon aiki. Ribar ma da ake haƙilo a kanta ba ta samuwa. John Pencavel na Jami'ar Stanford ya bi bayanan masana'antun makamai na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga abin da ake samarwa a sa'o'i 70 bai ɗara na sa'o'i 56 da wani abin kirki ba. Idan haka ne a aikin hannu, ina ga aikin da kuskuren harafi ɗaya kan iya tsayar da banki?

Wani zai ce ai lebura da ɗan acaɓa sun fi shan wahala, kuma ba a ji suna kuka da ƙwaƙwalwa ba. Wahalarsu gaskiya ce, kuma su ma suna da tasu damuwar da ba a tambayarsu. Amma zama a kan kujera ba ya kare mutum daga rauni. A Nairobi, sama da mutum 180 daga ƙasashen Afirka daban-daban, har da Najeriya, waɗanda aikinsu shi ne kallon hotunan kisa da fyaɗe da cin zarafin yara domin a cire su daga Facebook, sun kai Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook, da kamfanin da ya ɗauke su ƙara a 2023. Takardun likita da aka gabatar wa kotu daga baya sun nuna fiye da 140 daga cikinsu na fama da ciwon firgici irin na waɗanda suka tsira daga mummunan tashin hankali. Tun a 2020 Facebook ta amince ta biya dala miliyan 52 ga masu irin wannan aiki a Amurka.

Akwai kuma masu ganin cewa duk wannan ƙarancin haƙuri ne ko raunin imani. Addu'a da ibada da zama cikin jama'a suna kwantar da zuciya, babu likitan kirki da zai hana su. Amma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma jiki da iyali suna da haƙƙi a kan mutum. Mai hawan jini yana addu'a yana kuma shan maganinsa, babu mai zarginsa. Kamfanoni ma suna da nasu salon ɗora wa ma'aikaci laifi: su shirya masa bitar koyon juriya, ko su ba shi manhajar kwantar da hankali, aikin kuwa yana nan yadda yake. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye ba su fi waɗanda ba su shiga ba samun sauƙi. Tamkar a riƙa share ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Saboda haka babban aikin yana wuyan shugabanni. A raba zaman ko-ta-kwana tsakanin mutane da yawa, wanda aka tasa da dare a ba shi hutun safiya ba tare da ya roƙa ba. A yanka wa'adi tare da waɗanda za su yi aikin, idan an ƙara buƙata a ƙara lokaci ko a rage wata. Idan na'ura ta tsaya, a binciki abin da ya ba kuskure damar aukuwa, a daina neman wanda za a tozarta, domin inda ake tozartawa ɓoye kuskure ake yi har ya girma. Google kanta ta rubuta wannan ƙa'ida ga injiniyoyin da ke kula da na'urorinta, ta kuma ƙayyade cewa aikin gaggawa da na yau da kullum kada ya cinye fiye da rabin lokacinsu. Faransa tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki. Mai ƙaramin kamfani zai ce ba shi da ƙarfin Google, amma yawancin waɗannan matakai ba kuɗi suke ci ba, tsari ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne ƙwararren da ya gaji ya ajiye aiki, ya tafi da sanin da babu wanda ya rubuta.

Wannan ba ya nufin ma'aikaci ya naɗe hannu. Ka fara da rubuta sa'o'in da kake yi da daren da ake tashinka har tsawon makonni biyu ko uku, domin ƙorafin da ke ɗauke da lissafi ya fi "na gaji" nauyi a kunnen shugaba. Idan an ƙaro maka aiki a kan wanda ke hannunka, kada ka ce a'a kai tsaye, ka ce, "Yallaɓai, ga ayyuka uku a gabana, wanne kake so na fara, wanne zai jira?" Da haka ka mayar masa da zaɓin da dama nasa ne. Ka sa lokacin rufe kwamfuta, ka sanar da abokan aiki, ka kashe sanarwar aiki a wayarka bayansa. Ka tsare barcin sa'o'i bakwai, wanda ke aikin dare ya rama da rana a ɗaki mai duhu, iyali kuma su san wannan barcin ba lalaci ba ne. Ka rage kofi da lemon ƙara kuzari daga la'asar, ka nisanci ƙwayar hana barci ko ta sa barci ba da umarnin likita ba. Ka fita ka taka ƙasa, ka je majalisa, ka yi zumunci, musamman idan daga gida kake aiki. Ma'aikaciyar da ke tashi daga kwamfuta ta faɗa girki da raino tana yin aiki biyu ne, mijinta da danginta su rage mata ɗaya.

Akwai matakin da gyaran jadawali ba ya isa. Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, ko cin abinci da barci sun rikice, ko zuciya na bugawa da numfashi sama-sama ba gaira ba dalili, ko mutum ya fara dogara da ƙwaya, to lokacin ganin likita ya yi. Idan kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, a gaya wa wani amintacce a tafi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen masu wannan lalura a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce, yawancin masu zuwa ana duba su ne su koma gida su ci gaba da aikinsu. Doka ma ta fara kamo zancen: a Janairun 2023 aka sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da damuwar da aiki ya haddasa a matsayin abin da ake iya neman diyya a kansa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ita ce tsoro. Aiki ya yi wuya, masu jiran gurbi suna da yawa, wanda ya buɗe baki yana iya zama na farkon sallama. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya ajiye aiki cikin fushi. A yi magana a ƙungiyance, mutum uku ko huɗu da lissafinsu a hannu, a kawo mafita tare da koke. A riƙa ajiye wani abu daga albashi, a ci gaba da koyon sabon abu a cikin lokacin da aka ware, domin mai guzuri da wata ƙofa ba ya jure wulaƙanci don dole. Idan an yi duk wannan wurin bai canza ba, a nemi wani cikin natsuwa. Ku kuma shugabanni, ku duba jadawalin ma'aikatanku na wannan watan, ku ƙirga nawa ne aka tasa da dare fiye da sau ɗaya a mako, ku fara gyara daga kansu.