Ƙanƙarar da ke cin wuta, da yadda ake fitar da gas daga cikinta

A filinmu na kimiyya na wannan mako, zan yi magana a kan wata ƙanƙara wadda idan aka ƙyasta mata ashana sai ta kama da wuta, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Da na fara jin labarin ban yarda ba.

Ga yadda take samuwa. A wurin da akwai sanyi ƙwarai da kuma matsi mai ƙarfi, kamar ƙarƙashin teku mai zurfi ko ƙarƙashin daskararriyar ƙasa irin ta Alaska, ruwa yakan daskare ya yi 'yan ƙananan ɗakuna kamar akurkin kaji. A cikin kowane akurki akwai ƙwayar iskar metan a kulle. Metan ita ce gas ɗin da ake sa wa motoci masu amfani da CNG. Ba ita ce ta tukunyar girkin gidajenmu ba, wannan daban ce. Idan kubik mita 1 na wannan ƙanƙara ya narke, yakan saki kimanin kubik mita 160 na metan. Shi ya sa ƙasashe marasa isasshen mai, irin su Japan, suka sa mata ido.

To amma ta yaya za a fito da gas ɗin? Hanya ɗaya ita ce a rage matsin, kamar yadda lemon kwalba yake kumfa idan aka buɗe murfin. Japan ta gwada haka a teku a shekarar 2013, amma bayan kwana 6 yashi ya shiga rijiyar, dole aka tsaya.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta tura naitirojin. Kun san ta daga darasin aikin gona, ita ce ke cikin takin yuriya, kuma ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Wannan ƙanƙara ba ta zama daram sai idan metan ce ta kewaye ta. Idan aka tura naitirojin ta cika wurin, metan ɗin da ke kewaye sai ta ragu, ƙanƙarar ta fara sakin wadda ke cikinta. Ku tuna da wanki a lokacin hunturu: busasshiyar iska tana wucewa tana kwashe danshi, kaya su bushe ko da rana ba ta yi zafi ba. Kusan haka abin yake. Ita kuma naitirojin ba ta saurin daskarewa da ruwa, sai matsi ya yi yawa sosai, don haka ba ta toshe hanya.

An gwada wannan a shekarar 2012 a arewacin Alaska, a wata rijiya mai suna Ignik Sikumi. Kamfanin ConocoPhillips ne ya yi aikin tare da gwamnatin Amurka da wata hukumar Japan. Burinsu shi ne su yi musaya: su tura iskar kabon-dayoksaid, wadda ke ɗumama duniya, ta shiga akurkin ta zauna, metan ta fito. Sai dai da ita kaɗai aka tura, za ta haɗu da ruwan da ke cikin ƙasa ta daskare a bakin rijiyar ta toshe ta. Don haka suka gauraya: kashi 77 naitirojin, kashi 23 kabon-dayoksaid. Sun yi kusan mako biyu suna turawa, sannan suka fara janyowa. Metan ta fito. Yawancin naitirojin ɗin ya dawo sama, fiye da rabin kabon-dayoksaid ɗin kuwa ya tsaya a ƙasa.

Duk da haka, har yanzu ba a fara sayar da gas ɗin wannan ƙanƙara a kasuwa ba. Gas ɗin yana fitowa a gauraye da naitirojin, wadda ba ta cin wuta, sai an sake kashe kuɗi an raba su. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yoyo. A cikin shekara 100, metan ta ninka kabon-dayoksaid fiye da sau 25 wajen riƙe zafi. Idan aka farfasa ƙanƙarar gas ya kuɓuce sama, an ƙara wa duniya zafi, mu kuma da ke kusa da hamada mun san zafin watan Afrilu a cikin aji. A ganina bai kamata a yi gaggawa ba sai an tabbatar ba za a yi yoyo ba.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne kawai. Masu bincike sun taɓa ciro irin wannan ƙanƙara daga ƙasan teku mai zurfi daura da yankin Neja Dalta.

Daga ɗalibar aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida