Rubuta manufar rayuwarka

Mai karatu, kafin ka nemi aiki ko ka buɗe shago, samu takarda ka rubuta inda ka dosa. Layi uku sun isa. Kada ka ce "ina son arziki", wannan fatan kowa ne. Faɗi wa kake son amfanarwa, da wace sana'a, sannan abin da ba za ka taɓa aikatawa ba ko aljihu ya bushe. A ganina wannan na ƙarshen ya fi wuya, don sai ranar da aka kawo maka tayi mai maiƙo za a gane ko da gaske kake. Ajiye takardar kusa, ka riƙa duba ta kowace ƙaramar Sallah.