Iyalin Mai Hidima a Sansanin Matasa: Wa Ke Kula da Su?

A duk lokacin da makarantu suka tashi dogon hutu wajen ƙarshen watan Yuli, ikilisiyoyin arewacin Nijeriya sukan shiga shirin sansanin matasa, wato taron kwanaki da ake keɓe samari da 'yan mata a wuri guda, su kwana su tashi tare, ana koya musu Littafi Mai Tsarki da waƙa da wasanni da zaman tare. Masu bi na ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba su da yawa idan aka kwatanta da maƙwabtansu Musulmi, kuma da dama daga cikinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda sukan tafi garuruwansu idan hutu ya zo. Saboda haka nauyin irin wannan taro yakan faɗa a kan gida ɗaya ko biyu, galibi gidan fasto ko na mai bishara. A nan ne wata magana take dawowa kowace shekara, daga bakin dattawa har ma daga bakin fastocin kansu, cewa wanda ya tsaya a kan aikin Ubangiji, Ubangiji ne zai yi masa renon gidansa. Maganar tana da daɗin ji, amma yadda ake kafa hujja da ita kuskure ne, kuma wahalar kuskuren tana ƙarewa a kan mace da yara waɗanda ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan wannan fahimta ba ko kaɗan, kuma abin takaici ne a ce sai an tuna wa masu wa'azi haka. A wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 3, iya tafiyar da gida yana cikin sharuɗɗan da ake dubawa kafin a ba mutum kulawar ikilisiya, a sura ta 5 kuma an yi kakkausar magana a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa. Labarin Eli a littafin Sama'ila na fari ya nuna firist wanda bai bar wurin aikinsa ba, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suka lalace a gabansa, kuma yawan hidimarsa bai zama masa uzuri ba. A Fitowa sura ta 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaman shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, sai ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'arsa, ya ba shi shawarar raba aikin. Haka nan a Ayyukan Manzanni sura ta 6, da ƙorafi ya taso a kan rabon abinci, manzanni ba su ɗora shi a kan matansu ba, sai aka zaɓi mutum bakwai aka naɗa su a gaban jama'a domin wannan aiki kaɗai. Duk wanda ya karanta waɗannan wurare da idon basira zai ga cewa Allah yana kula da gidan mai hidima ne ta hannun mai hidimar da kuma ikilisiyar da ta kira shi.

Wani reshe na wannan gurguwar fahimta shi ne zaton cewa 'ya'yan fasto sun fi kowa amfana da sansani tun da a tsakiyarsa suke. Wanda ya leƙa bayan ɗakin taro da misalin ƙarfe goma na safe, lokacin da ake nazarin Littafi, zai ga akasin haka. 'Yar fasto tana durƙushe a gaban murhu tana hura jiƙaƙƙen icce, idanunta sun yi ja saboda hayaƙi, ga tukunyar wake da ta ƙi nuna, yayanta kuma ya tura kurar ruwa zuwa rijiyar burtsatse karo na barkatai, idan ya dawo ya jera benci, ya duba janareta. Waƙar da sa'o'insu ke rerawa daga nesa suke jin ta. Idan kuma aka yi sa'a suka shiga aji, shugaban rukuni yakan ji nauyin mahaifinsu, ba ya tambayarsu abin da ke damunsu, alhali da zarar sun yi ɗan kuskure sai a ce da su, ai kai ɗan Baba Fasto ne. Yaron da ya yi shekaru a haka yakan taso yana ganin hidima a matsayin abin da ke ƙwace masa iyaye kowace damina, kuma ba abin mamaki ba ne idan ya ja da baya daga majami'a ranar da ya sami 'yancin kansa.

Ita kuwa matar fasto, wadda kowa ke kira Mama, ba a ɗauke ta aiki ba, ba a rubuta sunanta a kasafin kuɗi ba, amma ita ce mai girki da mai riƙe makullin sito da mai jinya da mai sasanta 'yan mata idan sun yi faɗa, sau da yawa kuma da goyo a bayanta. Takan tashi kafin asuba ta dama koko, ta kwanta bayan an gama addu'ar dare, idan hatsi ya ƙare kuma daga buhun gidanta ake ɗiba, ba a mayarwa. Girmamawar da ake mata a baki ba ta rage mata komai daga wannan nauyi.

Dalilan da suka jawo haka ba su da wuyar ganewa. Akwai ƙarancin kuɗi, domin baikon ƙaramar ikilisiya ba ya ɗaukar masu girki. Akwai kunya, wadda ke hana mace ta ce ta gaji a gaban dattawa. Sannan akwai kalandar aro. Al'adar sansanin yara ta yi ƙarfi ne a ƙasashen sanyi: ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta yi sansaninta na farko a 1886, a lokacin da yanayin ƙasarsu ya fi daɗin zama a waje. Wannan lokaci ɗaya a arewacin Jigawa tsakiyar damina ne, lokacin marka da sauro da noman gero da riɗi da wake, kuma shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tashi.

A nan ne gargaɗi mafi muhimmanci yake, kuma dole a nanata shi. Wanda ya fi kowa shiga haɗari a sansanin matasa shi ne ƙaramin yaron mai hidima, ɗan shekara biyu ko uku, wanda ba ya cikin jerin mahalarta, ba shi da shugaban rukuni, kuma kowa yana zaton wani ne ke kallonsa. Uba yana kan bagade, uwa tana madafa, yaya tana wanke-wanke, shi kuma yana kwance a kan tabarma a bakin ƙofa jikinsa ya yi zafi tun safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zazzaɓin cizon sauro irin wanda ya fi yawa a Afirka yana iya tsananta har ya kai ga rasa rai idan ba a fara magani cikin sa'o'i 24 ba, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi mutuwa da shi. Ba a jira a gama wa'azi, ba a jira a sauke tukunya, ba a jira ranar rufe taro. Yaron da jikinsa ya yi zafi a watan Agusta a kai shi gwaji a ranar, gwajin da ake yi da ɗigon jini daga yatsa, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin kimanin minti 20. Idan kuwa ya fara jijjiga, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to a ɗauke shi nan take zuwa Babban Asibitin Gumel ko asibitin da ya fi kusa, ko da tsakar dare ne. Addu'a wajibi ce, amma a yi ta a kan hanya. Fasto da ya tsaya ƙarasa darasi alhali ɗansa yana jijjiga bai nuna bangaskiya ba, ya yi sakaci ne da amanar da Allah ya fara ba shi kafin ya ba shi ikilisiya.

Akwai kuma maganin rigakafin zazzaɓi na lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a yankin Sahel tun 2012, ana bi gida gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, ana sha kwana uku a jere. Iyalin da suka rufe gida suka koma sansani suna iya rasa zagayen wannan wata, ko su karɓa su manta da na rana ta biyu da ta uku saboda hidima. Kafin a tafi a tambayi ma'aikatan lafiya na unguwa ranar rabo, a tafi da katin yaro, a kuma tafi da gidan sauro wanda za a ɗaura da gaske, domin ajin makaranta da aka aro ba shi da ƙusa a bango sai an tanadi igiya. Ruwan sha ma haka: annobar amai da gudawa ta 2021 ta yi ɓarna a Jigawa, kuma taron mutane masu shan randa ɗaya da moɗa ɗaya hanya ce mai sauƙi ga irin wannan cuta. Kududdufan da ke cika a gefen gari cikin damina kuwa a hana kowane yaro zuwa bakinsu, babba da ƙarami.

Majalisun ikilisiya suna da babban kaso na laifi. Sukan zauna su tsara jigon taro da baƙon mai wa'azi da kuɗin motarsa da rigunan da za a buga, su tashi ba wanda ya tambayi wa zai riƙe jaririn Mama. Mishan ɗin SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893, kuma daga aikinta ikilisiyar ECWA ta tsayu da ƙafarta a 1954, ta gina gidan hutu a Miango kusa da Jos domin ma'aikatanta su huta, ta kuma buɗe makarantar Kent a can domin 'ya'yansu. Ikilisiyoyin ƙasa sun gaji aikin da ƙwazonsa, amma da yawa ba su gaji tanadin hutun ba. Makarantun tauhidi suna koyar da shirya wa'azi, ba su cika zaunar da ɗalibi da matarsa a tattauna iyakar abin da gida zai iya ɗauka ba, sai an tura su ƙauye su gano da kansu.

Gyaran yana farawa ne tun kafin a sa ranar taro. Majalisa ta naɗa kwamitin abinci daga Zumuntar Mata da Zumuntar Maza, a raba kwanaki a rubuce, matar fasto kuma a tambaye ta a keɓe abin da take so ta ɗauka, a karɓi amsarta ko da a'a ce, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk hatsi da mai da icce da aka ɗiba daga gidan fasto a rubuta shi a biya. A ware mace babba guda, wadda ba ta da wani aiki a sansanin, ta riƙe ƙananan 'ya'yan masu hidima, a san sunanta, a san inda suke wuni. Idan ba a sami irin wannan mace ba, gara uwa ta zauna a gida da ƙananan yara, kuma kada a ɗauki hakan a matsayin rashin himma. 'Ya'yan fasto da suka kai shekarun shiga a rubuta su kamar kowa, a sa su a rukunin da ba mahaifinsu ke jagoranta ba, su yi aikin da rukuninsu ke yi, ba ƙari. A ajiye mai babur ko mota da lambar wayarsa da kuɗin mai a hannun ma'aji tun ranar farko. Shi kuma fasto ya keɓe cin abinci ɗaya a rana tare da iyalinsa, ya bar wa mataimaki wani darasi, bayan rufe taro kuma majalisa ta ba gidan kwanakin hutu, kamar yadda Yesu ya janye almajiransa su huta bayan sun dawo daga aike a Markus sura ta 6.

Tsarin da ke kare 'ya'yan mai hidima shi ne ke kare 'ya'yan jama'a. Kada a karɓi yaro sai da yardar iyayensa ko mariƙinsa a rubuce, musamman a gari irin Gumel ko Maigatari inda zaman lafiya da maƙwabta ya rataya a kan amana, kuma ɗan maƙwabcin da ya biyo abokinsa a mayar da shi gida cikin mutunci sai iyayensa sun sani. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda wurin taro da kwanakinsa. Masaukin maza da na mata ya rabu, babba ɗaya kada ya keɓe da yaro a ɗaki rufe ko da da sunan ba da shawara ne, domin Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 da dokar kare yara da Jigawa ta kafa a 2021 ba su cire taron addini daga cikin alhaki ba.

Ikilisiyar da ta duba ta ga ba ta da mutanen da za su cika waɗannan sharuɗɗa tana da mafita mai kyau: ta rage kwanaki, ko ta mayar da taron na wuni yara su koma gida kwana, ko ta haɗa kai da ikilisiyoyin maƙwabta, ko ta ɗaga shi zuwa hutun Disamba lokacin da sauro ya ragu kuma an gama kaka. Kowanne daga cikin waɗannan ya fi a yi babban taro a kan lafiyar mace ɗaya da 'ya'yanta, kuma alhakin zaɓar ɗaya yana wuyan dattawa ne tun a zaman farko na shiri, kafin a buga takardar gayyata.