Yadda Saƙon Insulin Ke Shiga Ƙwayar Halitta

Jama'ar Ashanti New Town, da 'yan uwa masu kasuwanci a Kejetia, akwai tambayar da ake yawan yi mana: me ya sa sukari ke taruwa a jinin mutum alhali jikinsa yana samar da insulin? Amsar tana cikin ƙwayoyin halitta, waɗanda da su aka gina tsoka da hanta da kitse, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Idan aka sha koko da ƙosai, ko aka ci tuwon zafi, abincin yakan narke ya zama sukari a jini. Nan take wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, takan saki insulin. Shi kuwa insulin baƙo ne mai ladabi, a zaure yake tsayawa ya yi sallama. A bangon ƙwayar akwai furotin mai amsa sallamar, kansa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Da insulin ya manne wa na waje, sai na ciki ya farka. Wannan na cikin shi ne irin abin da masana ke kira kainas.

Aikin kainas ɗaya ne: ya ciro ɗan guntun sinadarin fosfet daga ATP, wato makamashin ƙwayar, ya liƙa wa wani furotin, kamar yadda ake buga hatimi a takarda. Wanda aka buga wa hatimi sai ya sauya siffa, ya kama aiki ko ya daina. Mai amsa sallama yakan fara buga wa kansa, sannan ya buga wa IRS-1, saƙo ya bi hannu zuwa hannu har ya iso ga wani kainas mai suna Akt. Da izinin Akt ne ƙofofin sukari, GLUT4, ke fitowa daga ma'ajiyarsu su hau bango, sukari ya shige tsoka. Kainas guda kan buga wa furotin masu yawa, shi ya sa insulin kaɗan ke motsa aiki mai girma. Idan an gama, wasu furotin su goge hatimin, gida ya yi shiru. Jikin ɗan Adam na da irin kainas fiye da 500, kuma Edmond Fischer da Edwin Krebs na Amurka sun sami lambar Nobel a 1992 saboda gano wannan bugawa da gogewa.

A ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a cikinmu, baƙo yana sallama amma amsa ta yi rauni. Kitsen da ya taru a tsoka da hanta yakan tayar da wasu kainas su buga wa IRS-1 hatimi inda bai dace ba, saƙo ya shaƙe a hanya.

Sai dai tsoka tana da wata ƙofa. Idan tana aiki, ƙofofin sukari kan fito ko da sallamar insulin ba ta isa ba, kuma kainas mai suna AMPK na cikin masu taimakawa. Mai rumfar da ke zaune tun asuba har magariba, ga shayi mai madara da burodi a gefe, ya rufe wannan ƙofa da hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri bayan cin abinci tana cikin lissafi. Tafiyar ba ta maye gurbin magani, kada kowa ya ajiye metfomin ko allurarsa sai da izinin likita.

A je a yi gwaji kafin karyawa, a asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, a riƙo katin NHIS. Awon da ya kai 7.0 ko ya wuce yana bukatar a maimaita a gaban likita. Masu fatauci zuwa Kano su lura: na'urori da yawa a can da wani ma'auni suke aiki, inda 126 yake daidai da 7.0 ɗinmu. Mai allurar insulin kuma kada ya bar kwalbarsa a rana ko kusa da injin mota.