Daga Giyar Bordo Zuwa Albasar Galmi

Wani mai sauraro daga unguwar Zango a Damagaram ya aiko da tambaya: wai da gaske ne a Faransa hukuma ce ke raba wa giyar inabi daraja, kuma ko Nijar na da irin wannan tsari?

Gaskiya ne. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya buƙaci a jera giyar yankin Bordo domin baje kolin duniya na Paris. Dillalai suka duba farashin da kowace gona ta saba sayarwa, suka kasa jar giyar aji biyar. Jerin ya kafu kamar sarautar gado: sai a 1973 gonar Mouton Rothschild ta haura zuwa aji na ɗaya, bayan dogon kai-komo.

Nijar ba ta raba aji, sunan asali take karewa. Hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista, ta yadda ɗan kasuwa ba zai kwaso wata albasa can ya laƙaba mata sunan Galmi ba. Mai kilishi a Zango ma, kafin ya ɗora tambarin rajistar, sai ya bi ƙa'idar yanka, shanya da gashi da aka rubuta.