Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kawo Mu Duniya?

Wani matashi Kirista daga ƙasar Kibiya ya aiko da tambaya: noma da damina, ci-rani bayan kaka, ƙarshe kabari, to ina amfanin rayuwa?

Ɗan'uwa, tambayarka ta daɗe a duniya. Littafin Mai-Wa'azi da ke cikin Littafi Mai Tsarki kusan a kanta ya tsaya, kuma bai ɓoye wahalar ɗan Adam ba. Tun 1932 aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, don haka ba ka bukatar tafinta.

Abin da Kirista ya riƙe shi ne Allah ya halicce shi da nufi, kuma ya kira shi ta wurin Yesu Almasihu. Wannan bangaskiya ba a gadonta kamar gona. Ko kakanka ne ya aza harsashin majami'ar ƙauyenku, sai ka amsa da bakinka. Daga nan masarar da ka auna a kasuwar Rano ba tauye mudu, da tuwon da ka aika wa gwauruwar maƙwabta, Musulma ko Kirista, duk hidimar Allah ce.

Ka samu fastonku ku zauna, kada ka bar abin yana cin ka a rai. Allah ya ba ka haske.